Dutsen Tibet mai ido tara da tsakiyar iyayenmu

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ara mini fili a jaridarku domin in yi magana a kan wani dutsen wuya da ya fara yawo a hannun samarinmu, a nan Tawa da can Yamai, wanda masu tallarsa ta salula suke kira dutsen Tibet mai janyo arziki. Ni tsohon malamin makaranta ne da ya aje alli, amma kafin in san alli na san tabarmar koli, domin mahaifina ɗan koli ne, kuma tun ina ƙaramin yaro nake taya shi shimfiɗa murjani da tsakiya da jigida a kasuwar Lahadi. Wanda ya tashi cikin wannan sana'a ba ya iya ganin ana yi wa rogo kallon kitse ya yi shiru.

A cikin azumin da ya wuce, ɗan ƙanena da ke sayar da kayan salula a Yamai ya zo gaishe ni. Bayan mun sha ruwa sai ya zaro wani zare daga cikin rigarsa, ya ce: "Baba, kai da ka san duwatsu, duba wannan ka gani." Dutse ne dogo mai ƙirar ƙwallon dabino, tsawonsa bai wuce gaɓa biyu na yatsa ba, launinsa baƙi mai sirkin ƙasa-ƙasa, an zana masa fararen da'irori tara da layuka masu lanƙwasa a tsakaninsu. Ya ce jika ɗari da hamsin ya biya, kuma wanda ya sayar masa ya rantse cewa dutsen ya shekara dubu biyu, yana tsare mai shi daga hatsarin mota da kambun baka, yana kuma buɗe kasuwa. Ban tanka masa ba sai da na ɗauko tabarau na leƙa hudar. Bakinta da kaifi kamar jiya aka fasa ta, ramin kuma a miƙe yake sar daga wannan kai zuwa wancan, irin aikin inji. Dutsen da ya yi ko da shekara ɗari a wuyan mutane, zare yana cin bakin hudarsa har ya yi sumul, ya ɗan zaizaye ta gefen da nauyi ke ja. Nasa dutse ne na gaske, ba kwalba ba ne kuma ba roba ba ne, amma yaron da kansa ya girme shi nesa ba kusa ba.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa zancen duka ƙarya ne. Dutsen yana da asali, kuma asalin nasa ya fi tatsuniyar ƴan talla daɗin ji. Tibet ƙasa ce ta kan tudu a bayan tsaunukan Himalaya, tana ƙarƙashin mulkin Sin, kuma babban birninta Lasa yana bisa tsayin da ya haura mita 3,600 daga bakin teku. Mutanenta suna kiran wannan dutse dzi, kalmar da ke nufin haske da ƙyalli da kwarjini, Sinawa kuwa suna ce masa lu'ulu'un sama. Fararen da'irorin nan su ake kira idanu, ana ƙirga su daga ɗaya zuwa sama, mai ido tara kuma shi ne sarkinsu wajen daraja da tsada. Akwai kuma masu zanen haƙoran damisa, da masu zanen furen bado, da masu da'ira a gefe guda da murabba'i a ɗaya gefen, waɗanda ake fassarawa da ƙofar sama da ƙofar ƙasa. Tsofaffin na ainihi a cikin ƙasa aka riƙa tsintarsu, manomi ya ture ɗaya da garma ko makiyayi ya ci karo da ɗaya a wurin kiwo, kuma da yake masu ƙera su ba su bar suna ba, sai mutanen ƙasar suka ce ba aikin ɗan Adam ba ne. Wasu suka ce kayan adon halittun sama ne da suke jefowa ƙasa idan sun ɗan sami tabo, shi ya sa da wuya a ga wanda ba shi da aibi. Wasu suka ce wani ƙwaro ne mai rai da ke tafiya a ƙasa, idan ka gan shi ka yi maza ka watsa masa ƙura ko ka kifa masa hula sai ya daskare ya zama dutse. Wasu kuma suka ce ganimar yaƙi ce da gwarzon tatsuniyarsu Gesar ya kwaso daga taskar sarkin Farisa ta watsu a ƙasar. Wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, René de Nebesky-Wojkowitz, ya tattara irin waɗannan labarai ya wallafa su tun 1952.

Abin da ya fi burge ni shi ne matsayin da suka ba shi a cikin gida. Mace tana jera shi tsakanin murjani ja da shuɗin dutse a wuyanta, uwa tana bar wa ɗiyarta, yana shiga kayan aure, ana ba da shi jingina a karɓi bashi, kuma darajar gida tana bayyana daga abin da matan gidan suka rataya ranar buki. Sun ƙawata mutum-mutumin Buda (wanda ya kafa addinin da suke bi) mafi girman matsayi a wurinsu da shi, wato wanda ake kira Jowo a ɗakin ibadar Jokhang na Lasa, ɗakin da aka gina tun ƙarni na 7. Masu maganin gargajiyarsu suna kankarar garinsa su zuba cikin wasu ƙwayoyin magani masu tsada, shi ya sa ake samun tsofaffi da ƴan ramuka a jikinsu, masu zanen addini kuma suna goge ruwan zinariya da shi domin ya yi sheƙi. Idan ya fashe a wuyan mutum, sai su ce ya tare masa wata masifa ce ya ɗauke ta a kansa.

To, amma hannun mutum ne ya yi shi, kuma yadda ake yin sa ba asiri ba ne. Dutsen shi ne wanda Larabawa ke kira aƙiƙ, dangin tsakiyar da muka sani, mai taurin da wuƙa ba ta karce shi, sai dai shi ya karce kwalba. Duk da wannan tauri yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, waɗanda ke shan ruwa a hankali. Idan aka jiƙa shi cikin ruwan sukari ko zuma na tsawon makonni sannan aka gasa shi, sukarin da ya shige ciki yana ƙonewa ya zama gawayi, dutsen ya yi duhu. Farin zanen kuwa da ruwan wani gishiri ake yin sa, wanda ba kowa ba ne illa ɗan'uwan kanwar da muke jiƙa wa dabbobi muke kuma sakawa a miya: a rubuta zanen da shi, a kai wuta, sai wurin da ya taɓa ya yi fari har cikin naman dutsen, ba ya wankuwa. Mutanen kwarin kogin Indus, a Pakistan da Indiya na yau, sun san wannan dabara tun wajen shekara 2,500 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, kuma an tono jajayen duwatsunsu masu farin zane a kaburburan sarakunan Ur da ke Iraƙi. A 1933 wani masanin tonon kufai mai suna Ernest Mackay ya wallafa yadda ya ga wani dattijo a garin Sehwan na lardin Sindh yana wannan aiki da alƙalamin kara, yana rubutawa a kan dutse kamar mai rubutun allo, sannan ya binne shi cikin garwashi na ɗan lokaci ya fito da shi da farin zane. Abin da dattijo ya yi da kara da garwashi, masana'anta mai wutar lantarki za ta yi dubunsa kafin la'asar.

Haka kuwa aka yi. Bayan shekarar 1959, lokacin da Dalai Lama, babban shugaban addinin Tibet, ya tsallaka zuwa Indiya kuma dubban mutanen Tibet suka bi bayansa zuwa Indiya da Nepal, da yawansu ba su fito da komai ba sai abin da ke wuyansu, kuma shi suka riƙa sayarwa ɗaya bayan ɗaya domin su ci abinci. Ta wannan hanya tsofaffin duwatsun suka fita kasuwar Katmandu, babban birnin Nepal, daga nan suka shiga hannun masu tara kayan tarihi. A shekarun 1990 sai attajiran Taiwan suka ɗimauce a kansu, musamman bayan faɗuwar wani jirgin saman Taiwan a Nagoya ta ƙasar Japan a watan Afrilun 1994, inda mutum 264 suka mutu, 7 kawai suka tsira, aka kuma baza jita-jitar cewa ɗaya daga cikin waɗanda suka tsira yana sanye da dutsen mai ido tara. Jita-jita ce, amma ta yi wa ƴan kasuwa rana. Kuɗin tsofaffin ya tashi har ana sayar da guda ɗaya kan dubban ɗaruruwan dalar Amurka, masana'antun Taiwan suka fara fitar da sababbi da buhu, daga baya aikin ya koma cikin ƙasar Sin. Kuma tun da mai saye tsoho yake nema, sai aka koyi tsufar da sabo: a gasa shi a tsoma cikin ruwan sanyi domin ya yi ƴan tsage-tsage, a jujjuya shi cikin yashi, a buga masa ƙananan tabbai masu kama da jinjirin wata irin waɗanda shekaru ke bari, a shafa masa mai da datti. Duk mai hankali ya tambayi kansa: abin da attajiran Beijing da Hong Kong ke ribibi a kansa da miliyoyi, yaya aka yi ya tsallake su duka ya zo ya jira ɗan ƙanena a Yamai kan jika ɗari da hamsin?

A nan ne nake son in dawo gida, domin ba asarar kuɗin yaron ce ta fi damuna ba. Da na riƙe wannan dutse a tafin hannuna, tsakiyar mahaifiyata na tuna. Zare guda ne mai jajayen duwatsu masu kusurwa, da talhatana guda a tsakiyarsu, wato abin wuyan nan mai zobe a sama da tsini a ƙasa wanda matan Buzaye da na Adar ke ratayawa ko su kitsa cikin gashi. Ta gada daga uwarta, ita ma daga tata uwar. A yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari saboda rufe iyakar Nijeriya da aka yi a shekarar, wani mai yawon sayen tsofaffin kaya ya zo unguwarmu, ta kwance zaren ta ba shi ta karɓi kuɗin ƴan tiyoyin hatsi. Ban taɓa ganin laifinta ba, da wannan hatsin ƙannena suka rayu, kuma abin da matan Tibet suka yi a Katmandu ke nan. Inda muka rabu da su shi ne bayan yunwa ta wuce. Su sun riƙe sunan kowane zane da labarinsa, waɗanda suka sami hali sun koma suna fanso nasu, har duniya ta zo tana koyon sunayen daga bakinsu. Mu kuwa da aka sami damina muka ci gaba da sayarwa, muka musanya dutsen kaka da sarƙar ruwan gwal da ke koɗewa kafin arba'in, har ta kai yarinyar yau ba ta iya bambanta tsakiya da kwalbar da aka rina.

Alhali duwatsunmu ma suna da tarihin da ba na rainawa ba. Tsofaffin jajayen duwatsun da suka cika Sahara da ƙasar Hausa, da yawansu a Khambhat ta jihar Gujarat a Indiya aka sassaƙa su, suka biyo ta Bahar Maliya da Makka da Alƙahira a cikin kayan alhazai da fatake. A ƙarni na 19 wani garin Jamus mai suna Idar-Oberstein ya shiga kasuwar, yana sayo ɗanyen dutse daga Barazil tun shekarun 1830, yana rina shi, yana sassaƙa talhatana da tsakiya daidai yadda matanmu ke so, daga baya kuma masana'antun kwalba na Bohemiya, a ƙasar Cek ta yau, suka kwaikwayi na Jamus ɗin da araha. Mahaifina ba ya karatun boko, amma yakan ɗora dutse a kan harshensa ko ya ƙwanƙwasa shi da haƙori ya gaya maka wanne ne dutse wanne ne kwalba, ya kuma leƙa huda ya raba aikin hannu da aikin inji. Wannan ilimi ya tafi da shi da tsararsa, ba wanda ya rubuta. Ba ma daga waje kawai ba: jan dutsen da ake kira lantana, wanda har sunan mata ya zama a wurinmu, a yankin Kirtashi da ke bakin kogin Isa, ƙasa da Yamai, aka riƙa haƙo shi a da, fataken Hausa su kai shi Ilori, masu sana'a su huda shi da ƙananan ƙarafa su goge, ya ƙare a wuyan sarakunan Yarabawa da na Bini. Ɗalibi nawa ne a makarantunmu ya taɓa jin wannan? Na koyar shekaru masu yawa, kuma ina jin kunyar faɗi cewa ni ma ban taɓa kawo shi cikin darasi ba.

Akwai kuma fuskar addini, wadda zan taɓa a gurguje in bar wa malamai, domin ba fagena ba ne. Ado da dutse ba baƙon abu ba ne a Musulunci. Ya tabbata a hadisi cewa abin wuyan Nana A'isha, Allah Ya ƙara mata yarda, wanda ya tsinke a tafiyar nan da ta zama sanadin ƙazafi, na duwatsun Zafar ne ta ƙasar Yaman, kuma dangin wannan dutse ne mai ratsi-ratsi. Amma rataya dutse da imanin cewa shi ke tare hatsari ko ya janyo ciniki wani al'amari ne dabam, kuma gargaɗin da ya zo a kansa mai tsanani ne. Mutanen Tibet mabiya Buda ne, suna da akidarsu da ta dace da abin da suke yi, ba ni da hurumin yi musu ba'a. Abin mamaki shi ne ɗanmu da zai ƙyamaci laya da guru da kambu ya ce ƙauyanci ne, amma ya rataya layar wasu mutane don kawai ta zo da hoto mai kyau a salula da sunan ƙasa mai nisa.

Ina kuma jin tsoron abin da wannan yayi zai haifar idan ya kankama, domin duk lokacin da tsohon dutse ya yi kuɗi, kaburbura ne ke biya. Mun gani a Bura ta yankin Tera, inda aka gano makabartar nan mai tukwane da mutum-mutumin yumɓu a 1975, marigayi Bube Gado na jami'ar Yamai ya jagoranci tonon ilimi a 1983, sannan a shekarun 1990 masu tonon sata suka yi wa wurare da dama na yankin kaca-kaca, har hukumar ICOM mai haɗa gidajen tarihi na duniya ta saka kayan Bura cikin jerin abubuwan Afirka da ke cikin haɗari a shekarar 2000. Mai tonon sata ba ya barin dutsen wuya, domin shi ne ya fi sauƙin ɓoyewa a aljihu. Muna da doka mai lamba 97-022 ta ranar 30 ga Yunin 1997 wadda ta tanadi kare kayan tarihin ƙasa, sai dai mutumin ƙauye da ya tsinci duwatsu a kufai bai san da ita ba, dillali kawai ya sani.

Saboda haka, Malam Edita, roƙona gare ku ba mai tsada ba ne. Ku aiki ɗan jarida da na'urar ɗaukar hoto ya zauna da tsofaffin mata a Tawa da Illela da Keita da Abalak, da sauran ƴan kolin da suka rage a kasuwanni, ya ɗauki hoton abin da ke cikin adudu da ƙwarya, ya rubuta sunan kowane dutse yadda suke faɗinsa da Hausa da Buzanci da Fulatanci, da lokacin da ake saka shi, da wanda ya gadar da shi. Ku riƙa buga guda ɗaya a kowace fitowa. Idan aka tara, a miƙa wa gidan tarihi na Bubu Hama da ke Yamai, wanda aka buɗe tun 1959, shekarar da mutanen Tibet suka fara kwance nasu duwatsun a gudun hijira. Masu sana'ar hannu na Wadata da na nan Tawa kuma, idan suna son sayar da sabon dutse mai idanu a matsayin ado, babu laifi, yana da kyau a wuya kuma kuɗinsa bai kai na buhun shinkafa ba, amma a ce masa sabo, a sayar da shi da kuɗin sabo.

Shi dai ɗan ƙanen nawa ya koma Yamai ya nemi wanda ya sayar masa, ya tarar lambar ba ta shiga. Ya bar mini dutsen a nan, na ajiye shi a gwangwani ɗaya da wata tsohuwar tsakiya guda da ta rage daga kayan mahaifina, kuma duk saurayin da ya zo mini da irin wannan zance ina ba shi tabarau in ce ya leƙa hudar biyun. Wanda ke son gani daga cikin ma'aikatanku, idan ya zo Tawa, ƙofata a buɗe take bayan sallar la'asar.

Wassalam.

Naku,
Wani tsohon malamin makaranta,
Tawa, Jamhuriyar Nijar.